Shin Da Gaske Lantarki Ne Ke Gudu A Jijiyoyinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, ina shekarar farko. An koya mana cewa jijiyoyi da lantarki suke aika saƙo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in lantarki ne, me ya sa idan na yi tuntuɓe nake fara jin bugun, sai can daga baya raɗaɗin ya biyo? Kuma ta yaya allurar kashe zafi da ake yi kafin cire haƙori take tare lantarki? Don Allah a yi mini bayanin yadda niyuron take da yadda take aiki.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Malamanku ba su faɗi ba daidai ba, sai dai sun gajarta zancen. Lantarki ne, amma ba irin wanda ke bin wayar gidanku ba, kuma amsar tambayoyinki biyun duk daga wannan bambancin za ta fito. Saƙon da ke bin wayar jan ƙarfe yana cin kimanin kilomita 200,000 a sakan ɗaya. Jijiyar da ta fi kowace sauri a jikin ɗan Adam ba ta wuce mita 120 a sakan, akwai ma waɗanda da ƙyar suke cin mita ɗaya. Tun a 1850 wani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya auna wannan gudu a jijiyar ƙafar kwaɗo ya samu wajen mita 30 a sakan, alhali malaminsa Johannes Müller yana ganin abin ya fi ƙarfin awo. Duk abin da ke tafiya a hankali haka, ba kwarara yake yi a cikin waya ba. Wani aiki ne ake sake yi a kowane taki na hanyar.

Niyuron, wato ƙwayar jijiya, ƙwayar halitta ce irin sauran ƙwayoyin jiki: tana da cibiya mai riƙe da bayanan gado, tana da tantanin da ya kewaye ta, tana ƙona sukari don ta samu ƙarfi. Siffarta ce ta fita daban. Daga jikinta gajerun rassa ke fitowa suna ƙara rarrabuwa, su ne dandarait, aikinsu karɓar saƙo. Sai zare guda ɗaya tilo mai tsawo, wato akzon, wanda ke fitar da saƙo zuwa gaba. Niyuron ɗin da ke motsa babban yatsan ƙafarki, jikinta yana can cikin laka a ƙasan bayanki, faɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma akzon ɗinta ya kai kimanin mita ɗaya. Zaren ya ninka jikin da ya haife shi sau dubu goma ke nan. Wadda ke ɗauko jin taɓawa daga yatsan kuwa ginin ta daban ne: jikinta na zaune a wani ƙulli a gefen laka, zarenta ya rabu biyu, reshe ɗaya ya gangara yatsa, ɗayan ya shiga laka. Farar igiyar nan da likitan tiyata ke gani da ido ya ce jijiya, dami ne na dubban akzon a naɗe wuri guda, wasu na hawa da saƙo, wasu na sauka da umarni.

Wannan tsawo yana da tsada. Kusan duk kayan gini a jikin ƙwayar ake haɗa su, sai an yi jigilarsu har ƙarshen zaren, a kuma dawo da tsofaffi. Jigilar mai sauri tana kai wa santimita 40 a yini. Ƙwayar cutar haukan kare wannan hanyar ta dawowa take bi daga wurin cizo har ta isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa cizo a fuska ko wuya ya fi saurin tasowa da mutum fiye da cizo a ƙafa. Shi ya sa kuma mai ciwon suga da ya daɗe yake fara jin dindiris da zugi a tafin ƙafa kafin ko'ina: zaren da ya fi tsawo shi ne ke fara gazawa.

An daɗe ana gardama kan ko waɗannan zaruruwa a haɗe suke kamar raga ɗaya, ko kowace niyuron zaman kanta take. Camillo Golgi na Italiya ya ƙirƙiro a 1873 wani rini na sinadarin azurfa da ke baƙanta niyuron ɗaiɗai ya bar maƙwabtanta, har a iya ganin surarta tsaf a madubin hangen ƙananan halittu. Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya ya ɗauki rinin nan ya gyara shi, ya shafe shekaru yana zane da hannunsa, ya kafe a kan cewa kowace niyuron daban take, suna kusantar juna ne kawai ba sa narkewa cikin juna. Golgi ya tsaya a kan raga. Aka haɗa su a kyautar Nobel ɗaya a 1906, Golgi kuma ya yi amfani da jawabinsa na karɓar kyautar wajen sukar ra'ayin abokin rabon nasa. Sai a tsakiyar shekarun 1950, shekara ashirin bayan rasuwar Cajal, madubi mai amfani da ilektaron ya nuna ratar da ke tsakaninsu ƙarara. Yawan su a ƙwaƙwalwar babban mutum kimanin biliyan 86 ne, bisa ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel ta ƙasar Burazil da abokan aikinta suka fitar a 2009.

Yanzu gundarin maganar. Ruwan da ke wajen niyuron da wanda ke cikinta duka ruwan gishiri ne, amma gishirin ba iri ɗaya ba. A waje sodiyam ne ya yi yawa, a ciki fotasiyam. Kin san alƙaluman waje daga takardar gwajin jini: sodiyam 135 zuwa 145, fotasiyam 3.5 zuwa 5. A cikin ƙwayar abin a juye yake, fotasiyam wajen 140, sodiyam bai fi 15 ba. Mai kula da wannan rabo wani famfo ne da ke dashe a tantanin, wanda a kowane juyi yake fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu. Jens Christian Skou na Denmark ne ya gano shi a 1957 a jijiyar ƙaguwa. Famfon ba ya hutu, dare da rana, yana daga cikin manyan dalilan da suka sa ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta kashi 2 cikin 100 ne na jiki, take lashe kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa a zaune.

Sodiyam da fotasiyam duka suna ɗauke da cajin fozitif. Idan niyuron na hutawa, tantanin yana barin fotasiyam kaɗan ya ɗiɗɗiga waje amma ya tare sodiyam, sai cikin ya zama negatif idan aka gwada shi da waje. Bambancin kimanin milibolt 70 ne, shi ne ake rubuta -70. Niyuron mai hutu ke nan a ɗane take, tana jira. Ki riƙe wannan don aikinki: tsokar zuciya ma da wannan rabo take aiki, don haka ba a taɓa tura ruwan fotasiyam kai tsaye cikin jijiyar jini da sirinji. Ana tsarma shi ne a ruwan ƙari a bar shi ya ɗiga a hankali. In ya hau a jini bagatatan, zuciya na iya tsayawa nan take.

A jikin tantanin akwai ƙofofin sodiyam da ba sa buɗewa sai sun ji cajin ya canja. Idan wani abu ya taɓa niyuron ya ɗaga cajin cikinta daga -70 zuwa wajen -55, ƙofofin sai su wangale. Sodiyam ya auko ciki, shigarsa ta ƙara ɗaga cajin, hakan ya buɗe wasu ƙofofin, cikin abin da bai kai milisakan ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na sakan) ba cikin ƙwayar ya koma wajen +30. Daga nan ƙofofin sodiyam su toshe kansu, na fotasiyam waɗanda suka fi nawa su buɗe, fotasiyam ya fita, caji ya faɗo inda yake. Wannan tashi da faɗuwa shi ne bugun jijiya, duka-duka milisakan ɗaya ne zuwa biyu. Alan Hodgkin da Andrew Huxley ne suka warware lissafinsa a Ingila, suka wallafa a 1952. Sun yi aikin ne da akzon ɗin wata dabbar teku mai yawan hannuwa da ake kira sukwid, don nata yana da kaurin da za a iya zura siririyar waya a cikinsa. Sun samu Nobel a 1963.

Akwai kuskuren da nake yawan gani a takardun ɗalibai, har da wasu littattafan taƙaitawa: wai famfon ne ke dawo da caji bayan kowane bugu. Ba shi ba ne, fitar fotasiyam ce. Gishirin da ke tsallakawa a bugu ɗaya ɗan mitsitsi ne ƙwarai, bai isa ya canja rabon ba. Babban akzon zai iya yin dubban bugu ko da an kashe famfonsa kafin ya gaza. Famfon aikinsa na dogon zango ne.

To yaya bugun ke tafiya? Ki tuna yadda wuta ke cin busasshiyar ciyawa da rani. Harshen da aka kunna a bakin fili ba shi ne ke tafiya har ƙarshe ba. Kowane kara yana kama wa na kusa da shi, wutar da ta isa can ƙarshe sabuwa ce, nisa kuma bai rage mata ƙarfi ba. Ba ta komawa baya, don inda ta wuce babu abin ci. Haka akzon yake: sodiyam ɗin da ya shiga a nan yana ɗaga cajin wurin da ke gaba, ƙofofin can su buɗe, su ma su tayar da na gabansu. Ƙofofin baya suna toshe na ɗan lokaci, don haka bugun gaba kawai yake yi. Bambancin shi ne ciyawar akzon tana sake tsirowa cikin milisakan kaɗan.

Daga nan abu biyu suka fito. Na ɗaya, bugu ba shi da rabi: ko ya tashi cikakke ko bai tashi ba. Tsananin abin da kika ji ba a girman bugun yake ba, a yawansa yake. Taɓawa mai sauƙi bugu kaɗan take haifarwa a sakan, matsa mai ƙarfi ta haifar da masu yawa a jere, ta kuma tayar da ƙarin zaruruwa. Edgar Adrian ne ya nuna haka a Kambirij a shekarun 1920. Na biyu, bugun da ke jijiyar ido da wanda ke jijiyar kunne iri ɗaya ne. Inda zaren ya ƙare a ƙwaƙwalwa shi ke yanke hukuncin me za ki ji. Shi ya sa in kika bugi gwiwar hannu kike jin tsirrr a ƙaramin yatsa, shi ya sa wanda aka yanke wa ƙafa yake iya jin ƙaiƙayi a yatsan da babu shi. Barkono ma ta nan yake yaudararmu: sinadarinsa yana buɗe ƙofar da aka tanada don jin zafin da ya haura digiri 43, sai ƙwaƙwalwa ta karanta wuta a harshe. David Julius ya samu Nobel na 2021 a kan gano wannan ƙofa. Mu da muke barbaɗa yaji a tsire mun daɗe muna gwajin, ba mu dai rubuta ba.

Ga amsar tuntuɓenki. Akzon iri-iri ne. Wasu tsirara suke, wasu an naɗe su da wani farin rufi mai kitse da ake kira mayelin. A jijiyoyin gaɓoɓi, ƙwayoyin Schwann ne ke yin wannan naɗi, kowace ta kama yanki kamar milimita ɗaya ta kewaye shi zagaye da yawa, a bar ɗan tsagi tsakaninta da ta gaba. Ƙofofin sodiyam a tsagin nan suke cunkushe. Maimakon a buɗe ƙofa a kowane taki, caji yana zarcewa a ƙarƙashin rufin ya tayar da bugu a tsagi na gaba, sai tafiyar ta zama tsalle-tsalle. Zaren taɓawa mai kauri ne mai mayelin, yana cin mita 50 ko fiye a sakan, daga yatsa zuwa ƙwaƙwalwa ko ƙiftawar ido bai kai ba. Akwai zaren zafi mai ɗan siririn rufi da ke kawo tsinin farko. Amma mai kawo raɗaɗin nan mai zugi siriri ne tsirara, mita ɗaya yake ci a sakan. Daga yatsa zuwa laka kaɗai ya cinye kusan sakan guda. Wannan sakan ɗin ne kike tsayawa kina jiran zafin da kin san yana tafe.

Kuturta ma a nan take ɓarnarta. Ƙwayar cutar tana shiga ƙwayoyin Schwann ɗin ne, jijiya ta kumbura ta daina kai saƙo. Ba cutar ce ke cinye yatsu kai tsaye ba kamar yadda ake zato. Hannun da ba ya jin zafi yana ƙonewa, yana yankewa, miki ya ruɓe mai shi bai sani ba. Idan kika ga tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓawa, ki tura mai shi asibiti da wuri, magani na kashe cutar cikin wata 6 zuwa 12, amma ba ya dawo da jijiyar da ta riga ta mutu.

Allurar haƙori kuwa, irin su lidoken, ba ta da wata waya da take yankewa. Maganin yana ratsa tantanin akzon ya toshe ƙofofin sodiyam ta ciki. Bugun da ya taso daga haƙori yana isowa wurin da aka jiƙa da maganin, ya tarar babu ƙofar da za ta buɗe, sai ya mutu a nan. Haƙorin yana ta aika kuka, ba ya isa. Jin zafi ne ke fara ɗaukewa kafin jin matsi, shi ya sa mutum ke jin ana jijjiga haƙorin ana ja amma babu ciwo. Idan jini ya wanke maganin daga wurin, ƙofofi su koma aiki.

Duk wannan a cikin niyuron ɗaya ne. Inda abin ya fi ban sha'awa a ganina shi ne mahaɗar niyuron da niyuron, wadda Charles Sherrington ya raɗa wa suna sinafs a 1897. A ƙarshen akzon akwai ratar nan da Cajal ya yi hasashe, faɗinta nanomita 20 zuwa 40 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), bugu ba ya tsallake ta. Idan ya iso, yana buɗe ƙofofin kalsiyam, kalsiyam ya shiga, ya sa wasu ƙananan jakunkuna da ke jibge a bakin zaren su fashe su zubo sinadari a ratar. Sinadarin ya haye ya manne a masu karɓarsa a tantanin niyuron ta gaba, su kuma su buɗe nasu ƙofofin. Saƙo ya tashi daga caji ya koma sinadari, ya sake komawa caji, a cikin kimanin rabin milisakan. Otto Loewi ne ya tabbatar da haka a 1921 a birnin Graz na Ostiriya: ya tsokani jijiyar da ke rage bugun zuciyar kwaɗo, ya ɗebi ruwan da zuciyar ke ciki ya zuba wa zuciya ta biyu, ita ma ta rage gudu ba tare da an taɓa jijiyarta ba. Sinadarin shi ne asetilkolin. Akwai 'yan mahaɗu da caji ke wucewa kai tsaye ta wasu ƙananan ramuka, to Golgi bai tashi a tutar babu ba, amma su ne marasa rinjaye.

Me ya sa za a sa wannan jinkiri a hanya? Don a nan ake yanke shawara. Ba kowane saƙo ne ke cewa "tashi" ba. Cikin sinadaran da ake zubowa a ratar, gulutamet yana tura cajin niyuron ta gaba sama zuwa ga bugu, GABA da gilaisin suna danne shi ƙasa. Niyuron ɗaya a ƙwaƙwalwa tana karɓar dubban mahaɗu, wasu manya a ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya suna karɓar sama da 100,000. Duk waɗannan turi da danniya suna taruwa a gindin akzon, in jimillarsu ta kai mizanin nan na wajen -55 bugu ya tashi, in ba ta kai ba shiru. Mahaɗar da ake yawan amfani da ita tana ƙara ƙarfi, wadda aka yi watsi da ita ta raunana, kuma wannan canji yana cikin tushen koyo da hadda.

Muhimmancin danniyar ba ya bayyana sai ta ɓace. Dafin tetanus, ciwon sarƙe haƙora, yana hawa akzon har cikin laka ya hana sakin gilaisin da GABA. Niyuron masu motsa tsoka su rasa mai tsawata musu, muƙamuƙi ya ƙulle, baya ya banƙare. Jaririn da aka yanke wa cibiya da reza marar tsabta haka yake kamuwa, ki ga ya daina kama nono. Farfaɗiya ma rikicewar wannan ma'auni ce, tarin niyuron su dinga bugu tare babu birki, shi ya sa dayazifam, mai ƙarfafa aikin GABA, yake tsayar da jijjiga. Ta ɗaya ɓangaren kuma, dole a share sinadari daga ratar da zarar ya gama aiki. Asetilkolin akwai wani inzayim da ke farfasa shi nan take. Fiya-fiya da dangoginsa na maganin ƙwari wannan inzayim ɗin suke kashewa, sai asetilkolin ya taru yana ta danna ƙofa: yawu na dalala, gumi, hawaye, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji ya cika da majina, tsoka na rawa. Maganin atirofin da ake ba wanda gubar ta kama yana zama ne a kan wani rukuni na masu karɓar ya tare su, har ƙirjin ya bushe.

Abu na ƙarshe da ya shafi hannunki kai tsaye. Akzon ɗin gaɓoɓi idan ya yanke, guntun da ya rabu da jikin ƙwayar yana mutuwa, amma ƙwayoyin Schwann suna jeruwa su bar hanya, sabon zare ya tsiro ya bi ta da gudun kimanin milimita ɗaya a yini. A laka da ƙwaƙwalwa wannan tsiro da wuya yake yiwuwa, shi ya sa wanda ya karya ƙashin baya a hatsarin mota yake iya zama a kwance. Babbar jijiyar ƙafa tana bi ta ƙarƙashin tsokar ɗuwawu, don haka aka koya muku yin allura a kusurwar sama ta waje, ƙananan yara kuma a gefen cinya. Idan allura ta same ta ta yi mummunan lahani, ƙafar takan saki, mutum ya dinga jan yatsu a ƙasa. Daga ɗuwawun babban mutum zuwa tsokar ƙwauri kusan rabin mita ne. A milimita ɗaya a yini, fiye da shekara ke nan kafin zaren ya isa, tsokar da ta daɗe haka babu jijiya kuma tana iya shanyewa kafin ya iso.